Hanyar Zama Masanin Taurari Daga Katsina: A Zauna Gida Ko A Tafi Nsukka?

Ɗalibin da ya gama aji shida na sakandare a Katsina ko Daura, zuciyarsa na kan taurari, idan ya buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB da wuya ya ga kwas mai wannan suna a jami'o'in da ke kusa da shi. Daga nan ruɗani yake farawa. Wani ya ce masa ya cike Injiniyanci, wani ya ce Jogarafi, kawunsa ya ce ai Likitanci ya fi. Amsarmu a taƙaice ita ce: karanta Fiziks zalla, ka fita da sakamako mai ƙarfi, ka iya rubuta manhajar lissafi da Python. Inda ka yi digirin farko yana da tasiri, amma bai kai waɗannan uku nauyi ba.

A fara raba abubuwan da ake cakuɗawa. Fiziks ɗin taurari ba duba ba ne, babu ruwansa da sa'ar aure ko ta tafiya, kuma wannan bayani ne da ya kamata ɗalibi ya yi wa iyayensa tun da wuri cikin ladabi. Ba kuma tuƙa kumbo ba ne, ba ƙera tauraron ɗan'adam ba ne. Aikinsa shi ne auna hasken da ke zuwa daga sama, a fitar da zafin tauraro, nisansa, nauyinsa, shekarunsa da sinadaran da ke cikinsa. Mafi yawan ranakun mai wannan aiki a gaban kwamfuta suke ƙarewa. Ya yi kusa da ilimin falaki da malamanmu suka sani, wanda da shi ake lissafin lokutan salla da tsayuwar wata, kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a fannin: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, malamin lissafi da falaki daga Katsina, ya rasu a Alƙahira a 1741 ya bar rubuce-rubucen da har yau masu tarihin lissafi ke ambato.

Wane kwas za a cike?

Fiziks shi ne miƙaƙƙiyar hanya. Shekara huɗu ne, a JAMB ana haɗa Turanci, Fiziks, Lissafi da Kemistiri, sannan ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da waɗannan. Duk wata makarantar gaba da za ka nema, abin da za ta fara dubawa a takardar sakamakonka darussa huɗu ne: makaniks na gargajiya, lantarki da maganaɗisu, makaniks na kwantum, da ilimin zafi tare da makaniks na ƙididdiga. Ƙari a kan haka sai dabarun lissafi na Fiziks. Dalili a fili yake. Tauraro dunƙulen iska ne mai zafi wanda nauyinsa ke matse shi ciki, matsin zafinsa kuma na tura shi waje; ba za ka fahimce shi ba sai da ilimin zafi. Layukan da ke cikin haskensa, waɗanda ke gaya maka akwai haidurojin ko ƙarfe, kwantum ne ya bayyana su. Wanda ya sami C a waɗannan darussa ya sami A a darussan gama-gari, jimillarsa za ta yi kyau amma masu tantancewa ba za su ruɗu ba.

Lissafi shi ne na biyu, kuma ga wanda ke son ɓangaren nazari zalla, irin su asalin sararin samaniya da ramukan nan masu haɗiye haske, yakan ma fi. Matsalarsa ita ce ɗalibin Lissafi yakan kammala bai taɓa zama ajin kwantum ba, bai taɓa auna abu a ɗakin gwaji ya lissafa kuskuren awonsa ba. Idan ka zaɓe shi, duk wani gurbin darasin zaɓi ka cike shi daga sashen Fiziks.

Injiniyancin lantarki shekara biyar ne, kuma yana kai mutum wata ƙofa daban: ƙera da kula da na'urorin da ke kama igiyoyin rediyo daga sama. Ƙofa ce mai kyau, ta fi sauran saurin samar da aiki, amma injiniya za ka zama a cikin masu binciken taurari. Kimiyyar Kwamfuta ita kaɗai ba ta isa, domin za a koya maka yadda ake sarrafa bayanai ba tare da sanin abin da bayanan ke nufi ba.

Ga wani rami da ɗalibanmu da dama ke faɗawa. Digirin koyar da Fiziks da ake yi a tsangayar Ilimi daban yake da digirin Fiziks na tsangayar Kimiyya. A na farkon, kaso mai yawa na darussanka na dabarun koyarwa ne da zuwa gwajin koyarwa, saboda haka manyan darussan Fiziks na aji uku da aji huɗu ba duka za ka ɗauka ba. Idan jami'a ta canja maka kwas zuwa can, ka nemi komawa tun a shekarar farko. Haka wanda ya yi NCE a Fiziks da Lissafi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma: kafin ya sayi fom ɗin shiga aji biyu kai tsaye, ya je sashen Fiziks da ƙafarsa ya tambaya ko suna karɓar NCE, kada ya wayi gari a tsangayar da bai nufa ba.

Gida ko Nsukka

A nan zaɓin ya fi wuya. A gida akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, dukansu da sashen Fiziks. Kusa kuma ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke nan tun 1962. A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a Jihar Enugu, inda sunan sashen ma Fiziks da Ilimin Taurari ne. Ba da wasa ya sami sunan ba. Marigayi Farfesa Samuel Okoye, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij tare da Antony Hewish a kan igiyoyin rediyo daga sama, a nan ya dasa fannin, Farfesa Pius Okeke ya raine shi. A garin kuma akwai cibiyar binciken sararin samaniya da ke ƙarƙashin NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Nijeriya.

Abin da Nsukka za ta ba ka wanda gida ba zai ba ka cikin sauƙi ba mutane ne. Malamin da ya taɓa wallafa bincike a fannin, wanda zai duba furojet ɗinka ya gane inda ka kauce. Ɗaliban mastas da digirgir da za ka ji hirarsu a baranda ka san yaushe ake buɗe neman tallafi. Sai wasiƙar shaida daga wanda masu tantancewa a waje suka san sunansa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma wata dama da ba kowa ya sani ba: a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, kuma Katsina na cikinsu. Ɗan Katsina mai maki mai kyau ba zai yi takara a layi ɗaya da ɗan Enugu kaɗai ba.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tafiyar yini guda ce cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya. Kuɗin mota sau huɗu ko shida a shekara, haya, abinci, ga baƙunta ta harshe da yanayi. Yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa wuce Kano ba, idan shekararsa ta farko ta tafi a neman inda zai sa kansa, sakamakon ne zai biya. Kuma darussan aji ɗaya da aji biyu kusan iri ɗaya ne a ko'ina, domin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke shimfiɗa ginshiƙin manhajar. Darussan taurari kaɗan ne a digirin farko ko a can. Ainihin ƙwarewar a mastas take farawa.

Bari a sa lamba a kai. A ma'aunin 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu ta sama daga 3.50. A ce nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.80, ko ya ci A a komai na sauran shekara uku, zai tsaya a 4.45, daraja ta ɗaya ta riga ta kuɓuce masa tun bai san hanyar laburare ba. Don ya kai 3.50 yana bukatar 3.73 a kowace shekara. Idan ya maimaita 2.80 a aji biyu, sai ya kawo 4.20 a manyan azuzuwa biyu, inda darussan suka fi tsauri. Tallafin karatu a waje kuwa kusan duk daga daraja ta biyu ta sama yake farawa, kuma masu ta ɗaya ake fara ɗiba.

Saboda haka ra'ayinmu: idan gida zai iya ɗaukar nauyin Nsukka ba tare da an sayar da gona ba, kuma yaron ya saba da zaman kansa, ya tafi. Idan ba haka ba, 4.60 daga Katsina ko Dutsin-Ma ya fi 3.20 daga Nsukka nesa ba kusa ba, kuma ƙofar Nsukka tana nan a buɗe a matakin mastas. Ga ɗiya mace da iyayenta ba za su amince da nisa tun tana ƙarama ba, wannan hanya ta biyu ba ragi ba ce ko kaɗan.

Sai dai mai zama gida yana da aikin da zai yi da kansa. Sassan Fiziks na Arewa sun fi ƙarfi a binciken ƙarƙashin ƙasa, tururin nukiliya, hasken rana da lantarki, saboda haka mai yiwuwa ba za ka sami malamin taurari ba. Giɓin nan da kwamfuta ake cike shi.

Na'urar hangen nesa ko kwamfuta?

Kwamfuta, ba tare da dogon tunani ba. Ƙaramar na'urar hangen nesa ta kasuwa za ta nuna maka ramukan wata da manyan watannin Mushtari guda huɗu, abin sha'awa ne, amma ba za ta ba ka awon da za ka rubuta bincike da shi ba. Samaniyarmu ma ba kullum take bayarwa ba: daga Yuni zuwa Satumba gajimare, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris hazo ya shanye hasken taurarin da ke ƙasa-ƙasa. Lokacin da ta fi wankewa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Fita bayan gari da dare don guje wa fitilu kuwa, da halin tsaron da ake ciki, ba shawarar da za mu ba kowa ba ce. Saman soro ya wadatar. Tabarau mai ido biyu na 10×50 da manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, sun isa koyon sama. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa yana tsaye digiri 13 sama da doron ƙasa, kuma muna ganin taurarin kudu da mutanen Turai ba sa gani.

Kwamfutar hannu ta biyu mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 da ma'ajiyar SSD ta isa. Ka fi kula da lafiyar batir fiye da kyan jiki, saboda wuta. Ka koyi Python da kayan aikinsa na lissafi, zane da taurari: NumPy da Matplotlib da Astropy. Idan na'urar ta gaza, Google Colab zai yi maka lissafin a intanet.

Ga misalin furojet da za a iya yi daga ɗaki a Ƙofar Ƙaura ko Daura ba tare da kobo na kayan aiki ba. Kumbon Gaia na Turai ya auna taurari kusan biliyan 1.8, an saki bayanan a Yunin 2022, kowa na iya saukewa. Ka nemi taurarin da ke cikin da'irar digiri 2 kewaye da Kaza da 'Ya'yanta, wato wajen digiri 56.75 da 24.12 a ma'aunin sama. Dubban taurari za su fito, mafi yawansu ba 'yan gidan ba ne, suna gaba ko baya ne kawai a layin ido. Za ka tace su da abu biyu. Na farko ɗan gocin da tauraro ke yi yayin da duniya ke zagaya rana: na 'yan gidan yana wajen 7.4 a ma'aunin da Gaia ke amfani da shi, idan ka raba 1000 da wannan ka sami nisansu, fasek 135 a ma'aunin nisan taurari, kimanin tafiyar haske ta shekara 440. Na biyu tafiyarsu a sama, domin tare suke tafiya kamar garke, wajen 20 ta gabas da 45 ta kudu a shekara a wannan ma'auni. Abin da ya rage, taurari wajen dubu, ka zana launinsu a kwance haskensu a tsaye. Za ka ga sun jeru a siririn layi ɗaya, kuma daga inda saman layin ya fara karkata ake gane shekarunsu, sama da miliyan 100.

Inda ake yin kuskure sananne ne. Wasu taurarin awon gocinsu yana fitowa ƙasa da sifili saboda kuskuren awo. Idan ka raba da shi za ka sami nisa marar ma'ana, don haka ka ajiye waɗanda awonsu ya ninka kuskurensa sau goma kawai. Wasu suna raba 1 maimakon 1000, sai Kaza ta dawo kusa da mu fiye da kowane tauraro. Wasu kuma suna mance cewa a ma'aunin haske ƙaramar lamba ita ce mafi haske, sai zanen ya fito a kife. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa, ya iya bayanin kowane mataki, ya ajiye aikin a GitHub, shafin intanet da ake adana manhajoji, yana da abin nunawa da ya fi dogon zance a kan yadda yake son taurari tun yana yaro. Malamin da ya ƙware a wani ɓangare na Fiziks zai iya duba irin wannan furojet, in ka kai masa tsari a rubuce tun ƙarshen aji uku.

Bayan digiri da bautar ƙasa

Hanyoyi huɗu ne suka fi tabbas, kuma ba ɗalibi iri ɗaya suke nema ba.

Cibiyar nazarin Fiziks ta ICTP a birnin Tiriyeste na Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya da ta haɗa Fiziks na ƙananan ƙwayoyi da nazarin sararin samaniya. Suna ɗaukar nauyin komai, amma gurbin kaɗan ne, wajen mutum goma a fanni daga duk ƙasashe masu tasowa, galibi 'yan ƙasa da shekara 28, kuma mastas suke so ko digirin farko da ya yi fice sosai. Ta mai ƙarfin lissafi ce wanda kwantum bai ba shi tsoro. Wanda ya jinkirta shekara huɗu yana jiran aikin gwamnati, shekaru za su rufe masa wannan ƙofa.

AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Mastas ce ta kusan shekara ɗaya, ci da kwana da karatu duk a wuri guda kuma kyauta. Ba makarantar taurari ba ce, lissafi da kwamfuta take gogewa, amma malamai daga jami'o'in duniya suna zuwa su koyar na mako uku-uku, kuma ta nan ɗalibai da yawa ke samun wanda zai ja su zuwa digirgir. Ta fi ICTP yawan gurabe, kuma ita ta fi dacewa da ɗan Lissafi ko injiniya da ke son juyowa.

Shirin NASSP na Afirka ta Kudu, wanda shi ma ya fara a 2003 a Jami'ar Kef Tawun, shi ne na taurari kai tsaye. Ƙasar ce ke da babbar na'urar hangen nesa ta SALT a Sutherland, mai madubi kimanin mita 10, da MeerKAT mai faranti 64 na kama igiyoyin rediyo da aka buɗe a 2018. Mai son aiki da awo na gaske nan ne wurinsa. Cikas biyu ne: sai hukumar tantance takardun karatu ta ƙasar, SAQA, ta tantance digirinka, abin da ke cin lokaci da kuɗi, sannan tallafin gwamnatinsu kaso kaɗan ne ke zuwa ga baƙi. A lura kuma Nijeriya ba ta cikin ƙasashen Afirka takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a aikin SKA na gina katafariyar na'urar kama igiyoyin rediyo daga sama, irin su Ghana, Kenya da Zambiya, don haka wasu horaswa da za ka gani an tallata ba su shafi fasfonka ba. Karanta sharuɗɗa kafin ka ɓata mako kana cike fom.

Ta huɗu ita ce mastas a Nsukka. Kai za ka biya, takan ɗauki shekara biyu ko fiye idan yajin aiki ya gifta, amma tana gyara takardar wanda digirinsa na farko bai yi ƙarfi ba, kuma tana cika sharaɗin Turai, inda galibi ba a shiga digirgir sai da mastas. A Jamus ɗalibin digirgir na cibiyoyin Max Planck biyansa ake yi, shekara uku zuwa huɗu. Amurka tana karɓa da digirin farko, shekara biyar zuwa shida, tana biya ta hanyar koyarwa ko bincike, sai dai kuɗin neman gurbi da jarrabawar Turanci daga aljihunka ne. Kafin duk wannan, ka sa ido a kan makarantar bazara ta ilimin taurari ta PASEA, wadda ta fara a Abuja a 2013. Mako guda a cikinta yakan haɗa ɗalibi da malamin da zai rubuta masa wasiƙa.

Tambayar Baba

"To in ka gama, wane aiki za ka yi?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Daga shiga jami'a zuwa digirgir, ka ƙiyasta shekara 10 zuwa 12, bayan nan kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku kafin kujera ta dindindin, wadda ba kowa ke samu ba ko a Turai. A gida guraben su ne koyarwa a jami'a da cibiyoyin NASRDA, hukumar da aka kafa a 1999, irin ta Nsukka da ta Toro a Jihar Bauchi da ta binciken sararin iska a Anyigba. Wanda ya fara samun aikin koyarwa a jami'a ko kwalejin gwamnati yana iya neman tallafin TETFund, wanda na ma'aikata ne kawai. Wanda kuma ya sauka a tsakiyar hanya ba ya sauka hannu rabbana idan ya iya Python da ƙididdiga: bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin lafiya suna neman masu tace bayanai. Wannan shi ya sa muka dage a kan kwamfuta tun aji ɗaya.

ICTP da AIMS duka a watannin farko na shekara suke rufe karɓar takardu, karatu ya fara wajen Satumba; na Amurka galibi a Disamba. Takardar cikakken sakamako kan ɗauki makonni ko watanni kafin ta fito daga jami'a, don haka a neme ta tun ana sansanin bautar ƙasa, tare da fasfo. Malaman da za su rubuta maka shaida, biyu ko uku, ka sanar da su wata guda kafin lokaci, ka kai musu sakamakonka da furojet ɗinka a hannu, ka kuma tabbatar suna buɗe imel ɗinsu, domin ta nan ake aiko musu da mahaɗin da za su ɗora wasiƙar, kuma fom ɗin da wasiƙarsa ba ta iso ba ko karanta shi ba a yi.